Awon Yatsa

Abba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. Mu ma lafiya lau muke, maigidana Likita yana gaishe ka.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga wurina. A waya ba ka jin rabin abin da nake faɗa, sauran rabin kuma sai ka ce lafiya lau. Shi ya sa na rubuto.

Alfarma nake nema. Koren dutsen nan na Umma, wanda yake zama a ƙaramin aljihun jakarta, shi nake so. Shekara biyu ke nan da rasuwarta ban nemi komai a kayanta ba, kuma bayan shi ba zan nemi wani abu ba. Idan yana nan, ka naɗe shi a auduga ka aiko mini. Ba gaggawa ba ce, amma kada ya wuce wata biyar.

Ka gaishe da Goggo idan ta leƙo. Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka

* * *

Uwata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa gare ki da likitan haƙorinki, wasiƙarki ta iso ranar Talata ta same ni lafiya. Ƙafa tana nan, tana gaishe ki duk lokacin da na hau bene. Na karanta wasiƙar sau uku. Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Na san bai kamata in duba ba, amma wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana gyaran rubutu a maɗaba'a, idonsa ba ya neman izininsa.

Dutsen yana nan. Yana cikin aljihun, jakar kuma tana rataye a bayan ƙofa inda mai ita ta bar ta. A bakin wani rafi muka tsince shi shekarar aurenmu ta farko. Ni na fara ganinsa, ko da yake ita ta yi ta musu har ƙarshe.

Kafin in naɗe shi, bari in ba ki labarin da na ɓoye miki wata biyu saboda kunya. Tun da aka sallame ni daga aiki da agogon bango da takardar yabo mai kuskure biyu, na koma yawon titi da yamma, ina karanta allunan shaguna ina gyara su a zuci. Wata rana a wani lungu bayan tashar mota, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da ƙwan fitila, na ga allo an rubuta ANA KOYAR DA KIRA. Na tsaya ina tunanin wa ake kira, kuma me ya sa sai an koya. Na leƙa don in gaya musu ƙugiyar harafin ta faɗi, ƙira suke nufi. Na tarar da wani tsoho, maƙerin farfaru, wato mai aikin azurfa, zaune gaban wani tebur mai gantsare a baki kamar an gutsira. Ya saurare ni har na gama bayani, sannan ya turo mini kujera da ƙafa ya miƙo mini zarto. Har yau allon yana nan yadda yake. Ni dai aka kira, na kuwa amsa.

Zarton siriri ne, bakinsa bai fi zaren ɗinki kauri ba. Ranar farko na karya goma sha ɗaya. Maƙerin hannunsa yana rawa yanzu, shi ya sa ya daina aikin ƙwarai ya koma koyarwa, koyarwar tasa kuwa kalma biyu ce, "hm" da "sake". Mu biyu ne ɗalibansa, ni da wata tela da ta gaji da keke, wadda take yin maganar mu ukun ita kaɗai. Zobena na farko da ta gani ta ce zai yi kyau a bakin famfo. Na ƙone babban yatsa. Na narkar da aikin kwana huɗu, don azurfa ba ta gargaɗi: za ki ga ta yi ja, ta yi sheƙi, kafin ki janye wutar ta dunƙule ta koma ƙwallo tana kallonki. Na koyi cewa in ana ta dukanta da guduma takan taurare har ta tsage, sai an mayar da ita wuta ta yi laushi. Kada ki ji tsoro, ba zan ciro darasi daga wannan ba. Na karanta littattafan da suka ciro, ban ga ya amfane su ba.

Ki gaya wa mijinki yanzu sana'armu ɗaya. Shi ma ƙananan magagarai, ni ma su, sai dai nawa abin ba ya ihu.

To ga roƙona. Ki bar ni in sa dutsen a zobe, in aiko miki da shi ya zama abin sawa. Ƙa'idar aikin ita ce duk abin da yake buƙatar wuta a gama shi tukuna, dutse shi ne na ƙarshe. Ana zagaye shi da siririyar katangar azurfa a kwantar da bakinta a kansa, daga nan zoben ya yi sallama da wuta har abada, don dutse fashewa yake yi. Saboda haka dole awo ya zama daidai tun farko. In kin yarda, ki zagaya zare a yatsan da kike so, ki ƙulla inda ya haɗu, ki sa a ambulan.

In ba ki yarda ba, auduga tana nan.

Allah ya yi miki albarka. Wassalam.

Abbanki

* * *

Abba,

Assalamu alaikum. Mun sami wasiƙarka. Likita ya yi dariyar allon har ya ƙware, ya ce yana da tsoffin magagarai idan kana so.

Gaskiya dutsen na roƙa, ban roƙi zobe ba. Na kwana biyu ina tunani. Amma rabon da in ga ka rubuta abin da ya wuce layi biyar tun Umma tana da rai, kuma na ji daɗi kana fita. Na yarda, bisa sharaɗi biyu: kada ya wuce lokacin da na faɗa, kuma kada a goge dutsen ko a rage shi.

Ga zaren nan a cikin 'yar takarda. Daga ƙulli zuwa ƙulli. Yatsan kusa da ƙarami ne na hannun dama. Na auna sau uku, safe da rana da yamma. Yadda ka gan shi haka yake.

Ka riƙa sa ruwan sanyi a ƙuna, ban da man goge baki. Allah ya kiyaye.

'Yarka

* * *

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidan da yara da duk wanda kike yi wa faɗa a wannan makon. Tun da kika ƙaura bayan gari na daina samun mai shigowa ya buɗe firij ɗina ya yi salati, sai na ga gara in rubuto in ba ki rahoto da kaina. Akwai ƙwai huɗu da rabin lemo. Kin huta.

Kin tambaya a waya yadda nake. Gidan ya yi mini yawa, Auta. Har yanzu a butar mutum biyu nake dafa shayi, in zubar da rabi. Ranar Alhamis shagon Maƙeri a rufe yake, kuma Alhamis ɗin da ta wuce ban buɗe baki ba sai da mai karanta mita ya zo. Na riƙe bawan Allah da hira a bakin ƙofa har ya fara ja da baya yana duba agogo. Littattafan suna nan, amma na lura duk waɗanda suka rubuta su sun mutu, kuma babu wanda yake tambaya ko na ci abinci.

'Yarki ta rubuto sau biyu. Kin san wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da ke ce kika zage ni kan waccan wasiƙar mai shafi huɗu da ta aiko bayan rasuwar uwarta. Ban taɓa gaya miki yadda aka yi ba. Na fara karantawa a tsaye, ta kawo yadda uwarta take tsefe mata kai tana waƙa ba daidai ba. A shafi na biyu na tsaya, ban iya wucewa ba. Abin da kawai hannuna ya san yi shi ya yi. Na ɗauki jan biro na ja layi a ƙarƙashin kalma uku, na rubuta Allah ya ji ƙanta, ki kula da waɗannan, na mayar mata. Daga nan muka koma lafiya lau a waya. Yanzu da ta buɗe ƙofa kaɗan, so nake in tura mata abin da babu aibi a jikinsa.

Shi ya kawo ni batun zare. Ta aiko awon yatsanta don zoben da nake yi mata da dutsen uwarta, amma zaren ya yi tsawo. Zoben marigayiya yana nan a kan faranti kusa da gado. Na kai shi shago na zura a sandar awo, wato wani ƙarfe mai tsini da ake gane girman zobe da shi, na zagaya zaren a gefensa. Zaren ya fi shi da kamar tsawon ƙwayar shinkafa. A wannan aikin wannan tazara ce babba. Ni kuwa na san hannun yarinyar nan, hannun uwarta ne sak. Ranar aurenta wannan zoben ta ara, ya zauna mata kamar don ita aka yi.

Maƙeri ya dubi zaren ya dubi zoben, ya ce, "Bi zaren." A wurinsa wannan huɗuba ce. Telar kuma ta ajiye gudumarta ta ce ita shekara talatin tana awon mata, kuma in mace ta aiko awon da ya fi wanda ka sani, ɗinkawa ake yi a yi shiru. Na yi musu bayani cewa zare yana miƙewa, ƙulli yana cin wuri, kuma mai auna kansa da hannu ɗaya dole ya saki. Telar ta ce to, Malam mai ƙugiya, kai ka sani.

Na yanke azurfar a kan awon zoben uwarta. Jiya na liƙe bakin, kuma a karon farko liƙin ya bi layi ya ɓace, ko da farce ba a jin inda ya haɗu. Maƙeri bai ce "sake" ba. Na dawo gida ina son in gaya wa wani, shi ne na zauna na rubuto miki.

Ki gaishe da kowa. Allah ya bar zumunci.

Yayanki

* * *

Yaya,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, yara suna gaishe da Kawu. Ƙwai huɗu da rabin lemo, Allah ya shirye ka. Zan zo ƙarshen wata in ga abin da idona.

Na karanta wasiƙarka na yi kuka a wurin shafi huɗun nan, sannan na kai ƙarshe na ji kamar in hau mota in zo in ƙwace gudumar. Yaya, kai dai ba ka canzawa. Mace ta auna yatsanta sau uku, kai da rabonka da ganin hannunta shekara biyu ka fi ta sani? Har baƙuwar tela ta gane abin da kai mai ɗakin littattafai ba ka gane ba.

Akwai abin da na sani, amma an ɗaure mini baki, kuma na yi alkawari. Iyakar abin da zan ce shi ne ka bi zaren. In ka riga ka yanke, sake yanka wata. In ka liƙe, ɓalle. Kada ka rufe dutsen nan a wannan awon, don Allah don Annabi.

Kuma ka kira ta ka tambaye ta yaya take, ka yi shiru ka jira amsa. Ka sa wayar a kunnen da yake ji.

In ka ga kuskure a rubutuna ka bar shi, nawa ne. Sai na zo.

Ƙanwarka

* * *

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa gare ki da abokin sana'ata. Ina fatan wannan ƙunshin ya iso lafiya. Ki buɗe shi a kan tebur, kada ki buɗe a kan tafin hannu, na ninka audugar sau bakwai kamar mai aika ƙwai.

Ga zobenki. Sati bakwai ya ci, da bakin zarto talatin da wani abu, da fatar yatsa ɗaya.

Katangar ce ta ba ni wuya. Dutsen uwarki ba zagayayye ba ne, ba kuma mai kusurwa ba, yana da wata kafaɗa a gefe ɗaya kamar mai shirin musu. Tun da kin hana a taɓa shi, sai azurfar ce ta bi shi. Sau huɗu ina lanƙwasa katangar ina warwarewa. Ranar rufewa Maƙeri ya kashe wutar da kansa ya ɗauke ta daga teburina, ya ce daga yau babu ita. Na ɗora dutsen ya shige da wata 'yar ƙara kamar an rufe akwati. Sannan na bi bakin katangar da ƙarfe mai santsi ina kwantar da ita, nan kaɗan, can kaɗan, gaba da baya, don in aka bi gefe ɗaya dutsen karkacewa yake yi. Awa biyu ban ɗaga kai ba. Telar ta tambaya ko ba ni da lafiya.

Da na gama na kai shi bakin ƙofa wurin haske. Farar jijiyar nan da ta ratsa koren ta fito fiye da yadda na taɓa ganinta. Maƙeri ya juya shi a hannunsa mai rawa ya daɗe, ya ce "hm". Na san ire-iren "hm" ɗinsa yanzu, wannan mai kyau ne.

Jakar ta yi wani iri da babu shi a aljihu. Na mayar da ita bayan ƙofa.

Goggonki ta aiko mini wata wasiƙa mai kama da kacici-kacici, ta iso kwana ɗaya bayan na rufe dutsen. Kin san ta da son a ce ta san wani abu.

Ki sa ki rubuto ki gaya mini. Allah ya yi albarka. Wassalam.

Abbanki

Ƙarin bayani: zaren da kika aiko ya ɗan yi tsawo, abin da yakan faru ga mai auna kansa. Na daidaita shi da zoben Ummanki. Ba sai kin gode ba.

* * *

Abba,

Assalamu alaikum. Ƙunshin ya iso. Zoben yana da kyau, ban zaci zai kai haka ba. Likita ya duba shi da gilashin aikinsa ya ce hannunka ya faɗa.

Bai shiga ba. A gaɓa ya tsaya. Na gwada da sabulu, na gwada da safe, sannan na karanta ƙarin bayaninka na daina gwadawa.

Zaren bai yi tsawo ba. Yatsana ne ya kumbura, duka hannuna da ƙafafuna. Cikina wata bakwai. Da na ce maka na auna sau uku, yadda ka gan shi haka yake, na zaci za ka tambaya me ya sa. Tambaya ɗaya nake jira, na shirya amsarta tun kafin in rufe ambulan. Sai ka gyara.

Ban faɗa kai tsaye ba saboda biyu sun zube kafin wannan, kuma na farkon na gaya maka. Yana shafi na uku na wasiƙar da ka dawo mini da ita da jan biro. Na rubuta maka cewa na rasa uwa na rasa ciki a wata huɗu, ban san wa zan gaya wa ba sai kai. Ka ce in kula da kalma uku. Na kula, Abba. Tun daga ranar duk abin da zan rubuta maka sai na karanta shi sau biyar.

Kai ka san inda aka tsinci dutsen. Ni na san abin da ta yi da shi. Umma ta gaya mini shi ta damƙe a hannu ranar da ta haife ni, tun daga gida har aka gama, har ya bar mata shaida a tafi. Ba ta ce yana maganin komai ba, ta ce dai mutum yana son abin riƙewa. Ita ba za ta zo ba. Shi ya sa na roƙi dutsen.

Na dawo maka da zoben. Ka cire mini dutsen ka aiko shi yadda yake a jakarta. In ba zai ciru ba, ka bar shi a wurinka, zan riƙe hannun gado kamar kowa.

Saura sati takwas in Allah ya yarda. Ka yi mini addu'a. Ba sai ka ba da amsa mai tsawo ba.

'Yarka

* * *

Uwata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raba ku lafiya, ya tsare ki, ya tsare abin da kike ɗauke da shi. Tun da wasiƙarki ta iso nake wannan addu'ar.

Ban karanta shafi na uku ba. A na biyu na tsaya, don na kasa, na ɗauki biro don in sami abin yi da hannuna, na mayar miki ba tare da na juya takardar ba. Ban san wanne ya fi muni ba, abin da kika zata ko abin da ya faru. Shekara biyu kina ɗauke da wannan ke kaɗai, ni ina yawo ina gyara allunan mutane. Ki yafe mini in kin iya. In ba yanzu ba, zan jira.

Ga abin da ya faru da dutsen, ba zan rage komai ba.

Na kai zoben shago da safe. Maƙeri ya ce hannunsa ba zai iya ba, ni zan yi, kuma hanya biyu ce. Ko a zura bakin wuƙa tsakanin katanga da dutse a ɗaga ta a hankali, zoben ya tsira amma dutsen yana cikin haɗari. Ko a yanka katangar da zarto, dutsen ya fita lafiya, zoben ya tashi aiki. Ya ce in zaɓa, ya koma kujerarsa.

Kin san wadda ya kamata in zaɓa. Ni ma na sani. Amma na dubi liƙin nan da ba a jin bakinsa, na tuna sati bakwai, na ce a raina zan iya. Na ɗauki wuƙa. Na ɗaga kashi ɗaya cikin uku lafiya. Da na zo wurin kafaɗar sai na ji ƙas, 'yar ƙara wadda ko Telar da take gefena ba ta ji ba. Wani ɗan ɓarɓashi ya fita daga gefen dutsen, bai kai ƙwayar gero ba. Na zauna ina kallonsa a kan tebur. Telar ta leƙo ta gani. Ta miƙo mini zarto.

Na yanka katangar wuri biyu, na buɗe ta kamar ɓawon gyaɗa. Dutsen ya faɗo a tafina. Bai tsage ba, jijiyar tana nan, amma a gefe ɗaya akwai ɗan wurin da in kin shafa da yatsa za ki ji kaifi kaɗan. Kin ce kada a rage shi, na rage. Ban goge wurin ba, don ba ki ba ni izini ba. Ɓarɓashin ma na ajiye a takarda.

Yanzu yana cikin auduga a aljihun rigata. Wasiƙa tana yin kwana goma sha biyu tsakaninmu, wani lokaci fiye, kuma na kasa miƙa shi ga mutumin gidan waya. Sau biyu ina zuwa har gaban kanta ina dawowa. Jirgin ƙasa kwana ɗaya da wuni ne. Ina roƙon ki bar ni in kawo shi da hannuna. Ba sai na kwana a gidanku ba, akwai masauki a ko'ina. Zan miƙa miki a bakin ƙofa, in tambaye ki yaya kike, in tsaya in ji.

In kin ce a'a, ranar da amsarki ta iso zan kai shi gidan waya, wannan karon in bar shi a can.

Allah ya yi miki albarka. Wassalam.

Abbanki

* * *

Abba,

Wa alaikumus salam. Na karanta. Akwai maganar da ba zan iya yi a takarda ba, kuma ban gama jin haushi ba, gara ka sani tun yanzu.

Ka taho Juma'ar farko bayan wannan wasiƙa ta same ka, jirgin yana isowa Asabar da la'asar. Batun masauki kuma ka bar shi, akwai ɗaki, sai dai ka yi haƙuri da gadon jariri a kusurwa. Ka zo da rigar sanyi da maganin ƙafarka. Kada ka goge dutsen.

Ba zan iya tsayuwar tasha ba, Likita zai zo ya ɗauke ka. Ka yi masa magana a mota, Abba. Tun jiya yake wanke ta, tsoronka yake ji.

Allah ya kawo ka lafiya.

'Yarka